Tukunyar Mai Jego da Ƙanƙara: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna, gidan mai jego ba ya rasa abin kaiwa baki. 'Yan barka na shigowa da kuloli, ga ƙauri, ga farfesu, ga kunu, wani abincin ma har ya lalace ba a buɗe shi ba. Wahalar tana somawa ne bayan suna, sa'ad da dangi suka watse, maigida ya koma bakin aiki, aka bar mace da jariri da ciwon jiki da barcin da bai taka kara ya karya ba. Wadda ta je wanka gida tana da uwa a kusa. Wadda aure ko aiki ya kai Abuja ko Legas ko Yamai kuwa, sau da yawa daga ita sai halinta. Irin wannan ce ta fi buƙatar a dafa mata abinci tun da wuri, a daskarar, ta riƙa cirowa tana ɗumamawa. Ga abubuwan da suka ba ni mamaki game da wannan hidima.

Mai shayarwa tana samar da nonon da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana a watannin farko, kuma kusan kashi 87 cikin 100 na nonon ruwa ne. Wannan aiki yana cin kimanin kalori 500 a rana, ƙari a kan abin da jikinta ya saba buƙata. Sabon jariri kuma yana kama nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Ke nan mafi yawan lokaci hannunta ɗaya ne kawai ba ya riƙe da kowa. Abincin da za a sha a kofi, ko a ci da cokali ba tare da fama da ƙashi ba, ya fi mata amfani a kan babban faranti mai ban sha'awa.

A Amurka ne al'adar cika wa mai jego firiza ta yi ƙarfi, kuma akwai dalili. Dokar tarayya ta 1993 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12 ne ba tare da albashi ba, ba kowace ma'aikaciya ma dokar ta shafa ba, ga dangi sun yi nisa da juna. Sai ƙawaye da maƙwabta da abokan ibada suka riƙa tsara jadawali: wance ta kawo ranar Litinin, wance ranar Alhamis, sauran kuma a jera a firiza. Taliya mai hawa-hawa da nama da cuku, wadda ake gasawa a faranti guda, ita ce kan gaba a irin wannan kyauta, domin tana jure daskarewa. A Holan kuwa mutum ake aikowa. Inshorar lafiya ce ke biyan mafi yawan kuɗin ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa zuwa gida kimanin kwana 8, awa 49 a bisa tsarin da aka saba, ta duba uwa da jariri, ta yi 'yan share-share, ta haɗa abin ci.

Mutanen yankin Kanton na ƙasar Sin sun riga firiza gano dabarar dafa abincin jego da wuri. Makonni kafin haihuwa ake ɗora tukunyar citta da baƙin ruwan tsami mai zaƙi, a riƙa tafasa ta lokaci-lokaci don kada ta lalace, idan an haihu sai a zuba ƙafar alade da dafaffen ƙwai. Dabbar ta bambanta da tamu, amma ƙafa ce dai da kayan yaji masu ɗumama jiki, kamar ƙaurin da ake yi da ƙafar sa. Inyamurai ma, idan uwa ta zo yi wa 'yarta zaman jego, farfesun doya take dafa mata, da kimba da masoro, kayan da ke cikin yajin jegonmu.

A Koriya miyar ciyawar teku ce abincin mai jego, safe da rana da dare. Ta shiga jinin mutanen ƙasar har kowa yana shan ta ranar zagayowar haihuwarsa don tuna wahalar mahaifiyarsa.

Maroko tana da rfissa: kaza da adas da hulba a kan yagaggen burodi mai laushi, bisa al'ada a rana ta uku da haihuwa. Hulba takan fito a gumi da fitsari da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma duk wadda ta sha ta san haka. Game da ƙara ruwan nono, binciken da aka yi a kanta bai tsaya a magana ɗaya ba. Abin da aka tabbatar yana ƙara nono shi ne yawan ba jariri ya tsotsa.

A birnin Fulorans na Italiya, a ƙarni na 14 da na 15, masu hali kan sa mai zane ya ƙawata faifan katako na musamman, wanda a kansa ake kai wa mai jego kayan ci. Wanda aka yi don haihuwar wani ɗan masu hali mai suna Lorenzo de' Medici a 1449 yana ɗakinsa har ya mutu a 1492, yanzu kuma yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York.

To, mu koma ga ƙanƙarar kanta. Clarence Birdseye, Ba'amurken da ya mai da daskararren abinci sana'a, a yankin Labrador na Kanada ya ga abin da ya buɗe masa ido, bayan ya isa can a 1912. Kifin da mutanen Inuit na yankin ke kamawa cikin tsananin sanyi yana daskarewa nan take, idan kuma aka narkar da shi bayan watanni sai a ji shi kamar sabo. Sirrin yana ga girman ƙwayoyin ƙanƙara. Idan abu ya daskare da sauri, ƙwayoyin ƙanana ne, ba sa yaga naman. Idan ya daskare a hankali, sai su yi manya, su farfasa shi daga ciki, ranar narkewa ruwa ya tsiyaye a bar abu lakwaf. A 1930 aka soma sayar da kayansa a kantunan garin Springfield na jihar Massachusetts.

Darasin Birdseye ga mai dafa wa 'yar'uwarta miya shi ne ta raba ta ƙanana. Babban bokiti guda na miyar taushe yana daɗewa tsakiyarsa ba ta daskare ba, ranar buƙata kuma dole a narkar da shi duka saboda ludayi biyu. A zuba ta ci ɗaya-ci ɗaya a ƙananan robobi, ko a ledar abinci mai kauri, a matse iska, a shimfiɗa ta kwance. Shimfiɗaɗɗiya ta fi saurin kamawa, ta fi saurin saki, ta fi kuma barin wuri. Kada a cika roba har baki, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, shi ya sa murfi ke ɗagewa, kwalba ke fashewa.

Har yaushe ƙanƙara ke riƙe nama? A 1979 masu haƙar zinariya a Alaska suka tono gawar wani ɓaunan daji da ta shekara dubban goma a daskararriyar ƙasa. A 1984 masanin da ya yi nazarinta, Dale Guthrie, ya yanki naman wuyan ya yi farfesu, shi da abokan aikinsa suka ci, ba wanda ya kwanta. A firizar gida mai riƙe digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, abinci ba ya zama haɗari saboda daɗewa kawai. Ɗanɗano ne ke tafiya. Miya da farfesu sun fi daɗi cikin wata 2 zuwa 3, wanda ya wuce kwana arba'in ɗin jego da rara.

Amma fa ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Tsayar da su take yi cak, da zarar abinci ya narke su ci gaba daga inda suka tsaya. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne suke hayayyafa da sauri, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Hukumomin abinci na Amurka sun rage shi zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32, wanda a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram shi ne halin mafi yawan ranakun shekara. Tukunyar da aka sauke da la'asar aka bar ta ta huce da kanta har bayan isha'i ta riga ta shiga haɗari kafin ta ga firiza. A juye ta a faffaɗan mazubi marar zurfi, ko a tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan sanyi ana juyawa.

Shinkafa ta fi kowane abinci yaudara. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke ɓuya cikin wani irin ƙoƙo mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi, sai ƙwayar ta farka ta saki guba mai sa amai, gubar kuma ɗumame ba ya karya ta. Dafa-duka tana daskaruwa lafiya lau, sharaɗin dai a sanyaya ta da gaggawa.

Ba kowane abinci ne ke shiri da firiza ba. Tuwo idan ya narke yakan tsatso ruwa ya yi gari-gari, domin sitacin da ke cikinsa yana matsewa ya fitar da ruwan da ya sha. Dankalin turawa a cikin miya yakan yi yashi-yashi, farin dafaffen ƙwai ya yi tauri, latas da kokwamba su narke, kindirmo ya tsinke. Waɗanda ke fitowa da mutuncinsu su ne miyar taushe, da soyayyen jajjage, da farfesun kaza ko na kayan ciki, da faten wake, da alale, da dafaffen nama cikin romonsa. Gasarar koko da curin fura ma suna zama lafiya. Miyar kuka kuwa ba sai an daskarar da ita gaba ɗaya ba. A daskarar da romon da aka haɗa da daddawa da kayan ƙamshi, ranar ci a tafasa a kaɗa kuka, minti kaɗan an gama. Burodi yana da nasa halin: ya fi saurin bushewa a firij a kan idan an bar shi a waje, amma a firiza sai ya yi makonni yana nan yadda yake.

Ganye irin alayyafo da zogale, in za a daskarar da su ɗanye, a tsoma su a tafasasshen ruwa na minti biyu, a tsamo a zuba a ruwan sanyi. Akwai sinadarai a cikin ganyen da ke ci gaba da aiki ko a ƙanƙara, suna kashe launi da ɗanɗano, tafasar ce ke tsayar da su.

Kayan yaji ma suna sauya hali. Tafarnuwa da kanumfari da barkono sukan ƙara ƙarfi, har su yi ɗaci idan ajiya ta yi nisa, gishiri kuma yana gaggauta ɓacin kitse. A rage hannu wajen dahuwa, a haɗa mata da kwalbar yajinta daban ta barbaɗa yadda take so.

Tafarnuwar da uwa ta ci tana isa ga jariri. A 1991 Julie Mennella da Gary Beauchamp na cibiyar Monell da ke Filadelfiya suka ba mata masu shayarwa tafarnuwa, suka tarar ƙamshinta ya fi fitowa a nono bayan kamar awa 2. Jariran ba su ƙi ba, sai ma suka ƙara daɗewa a kan nono.

Yanzu babbar tambayar da kowace mace a wajenmu za ta yi: idan aka ɗauke wuta fa? Firizar da take cike maƙil tana riƙe sanyi kusan awa 48 muddin ba a buɗe ta ba. Mai rabi, awa 24. Firij kuwa awa 4 ne kacal. Waɗannan alƙaluma na hukumomin Amurka ne, a zafinmu gara mutum ya rage. Abin lura shi ne cikar ita ce ke ceto, domin daskararrun kaya suna sanyaya juna, don haka duk wurin da ya rage a cusa gorunan ruwa su daskare. Firiza mai buɗewa ta sama ta fi mai ƙofa a gefe riƙo, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa idan an ɗaga murfi. Akwai kuma dabarar gane ko kaya sun narke sun sake kamawa ba a sani ba: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora ƙwallon dabino a sama. Ranar da aka gan shi a gindin kofi, an san abin da ya faru. Abincin da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya saki gaba ɗaya ya yi ɗumi, a haƙura da shi, kuma kada a dogara da shinshinawa, domin ƙwayoyin da suka fi kwantar da mutum ba sa sauya wari.

Wani malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Ruwan da ke tsatsowa yana bushewa shi ke janye zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. An ba da rahoton gauta ta kai kwana 27 a ciki maimakon 3. Tana da amfani ga tumatir da tattasai da ganyen mai jego, amma ba ta daskarar da komai, don haka ba wurin ajiye dafaffen nama ba ne.

Ni dai a ganina, a inda wuta ba ta da tabbas, rabin kyautar ya kamata ya zama abin da bai san da zaman wuta ba. Ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa sai da ruwa. Firiza tana ɗaure ruwan ne, rana da soyawa kuma suna fitar da shi, biyan buƙatar ɗaya ce. Dambun naman da aka soya ya bushe sarai yana makonni. Ga kilishi, ga busasshen kifi, ga garin kunun gyaɗa ko na alkama wanda ruwan zafi kawai yake jira, ga kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kauɗar tumatir, ga dabino, ga tukuɗin mutanen Agadas na gero da dabino da cuku. Mai jegon da ke da waɗannan a kwano kusa da gado ba ta kwana da yunwa ko da an yi mako ba wuta.

Sai maganar kanwa, wadda ba na so a wuce ta da sauri. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Yawan wannan ciwo a yankin, kusan mace 1 a haihuwa 100, yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, domin kanwa cike take da sinadarin sodiyam, wanda ke sa jiki tara ruwa ya ɗora wa zuciya kaya. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta bai ga alaƙa mai ƙarfi da waɗannan al'adu ba, ya fi nuna yatsa ga rama da talauci da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko ta wace fuska aka duba, maganar ta dawo kan abin da ke cikin kwanon mai jego: ta ci ta ƙoshi, ta ci mai gina jiki, a sassauta kanwa da gishiri, musamman ga wadda jininta ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, dunƙulen miya kuma kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Mai jegon da ke haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ke gagarar ta idan ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar, ba a ce gajiyar haihuwa ce ba.

Jinin da aka zubar wajen haihuwa da sinadarin ƙarfe ake mayar da shi, kuma hanta da jan nama da wake da zogale duk suna daskaruwa. Ɗan lemon tsami ko tumatir yana taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa tauye shi yake yi, don haka a ba shi tazara da abinci.

Nonon uwa ma ana daskarar da shi. A ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 25 ba yana awa 4, a firij kwana 4, a firiza wata 6 ne mafi kyau. Wanda aka narkar a yi amfani da shi cikin awa 24, ba a mayar da shi ƙanƙara, kuma a ruwan ɗumi ake tsoma kwalbar, ba a ɗora shi a wuta. Wani nonon yakan fito da ƙamshin sabulu saboda kitsen cikinsa ya soma narkewa. Bai lalace ba, ko da yake wasu jariran sukan kau da kai.

Wajen narkar da miya, hanyoyi uku ne masu aminci: a firij ta kwana, ko a ruwan sanyi ana sauya shi duk rabin awa, ko a juye ƙanƙarar kai tsaye a tukunya da ɗan ruwa a kan wuta kaɗan. Ta ukun ta fi dacewa da mai riƙe da jariri. A bar ta ta tafasa sosai har tsakiya, kuma abin da aka ɗumama sau ɗaya ba a sake mayar da shi.

Kafin a ɗauki kaya a nufi gidan, a buga waya a tambaya: "Yaya, akwai wuri a firizarki? Wuta na zama a unguwarku? Me likita ya hana ki?" Wadda aka yi wa tiyata da mai hawan jini da mai ciwon sukari ba abinci ɗaya suke ci ba. A rubuta sunan abinci da ranar dahuwa a jikin kowace roba, domin duk jar miya kamanninta ɗaya idan ta daskare. A zuba a mazubin da ba sai an dawo da shi ba, kada a bar ta da aikin tuna kular wa ce wannan. A kuma kai a mako na biyu ko na uku, a haɗa da abin da sauran yaran gidan za su ci, don in ba haka ba, nata za ta ɗauka ta ba su.